Yadda Muka Juyo Daga Hanyar Tafkin Gauraka

Ranar da kuka taru a gidan nan bayan Babbar Sallah, kuna shawarar yadda za a yi da babur ɗin babanku da ke jingine a ɗakin ajiya, na ji babban yayanku yana gaya wa jikokina cewa ido ne ya sauke kakansu daga kan babur. Kowa ya gyaɗa kai, har da masu matsar ƙwalla. Ni kuwa na yi gum, domin kun san ba na ja-in-ja da ɗan fari a gaban jama'a, ko sunansa ban taɓa kamawa ba balle in ƙaryata shi. Ba ƙarya ya yi ba, abin da ya gani ya faɗa. Sai dai ba haka aka yi ba. Lokacin da hanya ta gagare mu, babanku yana da sauran ganin da zai ishe shi ya ga abin da ransa yake so ya gani, bai kuma gan shi ba. Labarin wannan shekarar nake so in ba ku tun ina da sauran hankalina.

Sai na fara da yadda aka yi na hau babur ɗin, don na lura kun tashi kun tarar da mu a kai ne, kun ɗauka haka aka halicce mu. Babanku ma'aikacin ruwa ne, aikinsa gyaran famfon tuƙa-tuƙa a ƙauyukan ƙasar Gumel, shi ya sa har ya koma ga Allah mutanen karkara ba su san shi da wani suna ba sai Malam Mai Famfo. Ni kuma ina gidan gandu, tsakanin uwar miji da matan 'yan'uwansa da yayarsa Goggo Hansatu, wadda aurenta ya mutu ta dawo gida ta zama hukuma. A irin wannan gida mace ba ta hira da mijinta da rana. In ya shigo ki ce sannu da zuwa, ki ajiye ruwa, ki kau da kai kamar baƙo ne ya yi ɓatan hanya. To, a shekarar da na rasa jaririyar da na haifa bayan yayanku, sai na daina ci, na daina magana. Kuka ma ban samu wurin yin sa ba, da na fara za a taru a kaina ana ba ni haƙuri. Wata safiya ya tsaya a bakin ƙofata da jakar kayan aikinsa.

"Ɗauko mayafinki," ya ce.

"Ina za mu?"

"Asibiti." Ya faɗa da ƙarfi yadda Goggo za ta ji.

Babu asibitin da muka je. Hanyar Sule Tankarkar ya miƙa, ya saki kwalta ya shiga burtali, gero ya yi kai ta ko'ina. Ina zaune a bayansa ta gefe ɗaya, iska tana dukan fuskata, sai kukan nan da na yi watanni ina haɗiyewa ya ɓalle. Na yi shi da iya ƙarfina, ƙarar injin ta rufe. Na san ya ji, amma bai waiwayo ba, bai ce in yi haƙuri ba, sai ma ya ƙara wuta. Da muka isa ƙauyen da famfonsu ya lalace, ya shimfiɗa mini buhu a gindin aduwa ya shiga aikinsa. Wata tsohuwa ta damo mini fura da kindirmo, na sha har na suɗe ludayi. Da yamma muka dawo, Goggo ta dube ni sama da ƙasa ta tambayi abin da likita ya ce. Babanku ya ce likita ya ce a riƙa kawo ni a kai a kai.

Goggo ba yarinya ba ce, tun ba a je ko'ina ba ta gano mu. Takan ce ita dai ba ta taɓa ganin ciwon da ake tafiya jinyarsa da dambu da dafaffen ƙwai a kwando ba. Amma ta ga na dawo mutum, sai ta bar mu da baki kawai. Da muka yi namu gidan muka daina neman dalili, da ya yi ritaya kuwa muka daina neman famfo. Ranar Alhamis mu nufi Maigatari, ba saye ba sayarwa, mu tsaya gefen kara muna kallon raƙuma da manyan shanun da ake korowa daga Nijar. A nan ya koyi dafa shayi a ƙaramar buta wurin Buzaye, ya zo ya dame ni da shi, ɗaci kamar maɗaci. Wata rana mu ɓace a cikin jigayin Sule Tankarkar da gangan, yashi ya riƙe taya, in sauka in tura, yana kai yana ba ni umarni sai ka ce direban tirela. Mun faɗi ba adadi, mun sha dukan ruwa a fili, mun fake a rugar Fulani, mun ci kanya da magarya har cikinmu ya ɓaci. Masu zaman dakali suka sa mana suna tattabaru, in mun fito sai ka ji ana cewa ga su can za su kiwo. Wasu da sha'awa suke faɗa, wasu da gatse, ni ko a jikina.

Abin da ba su sani ba, ku ma ban jin kun sani, shi ne a kan babur ɗin nan muka yi zaman aurenmu. A gida shi Malam ne, ni uwar yara. A hanya kuwa bakina ba ya rufuwa. A can muka yi shawarar karatun kowannenku, a can muke faɗanmu mu shirya. Kuna alfahari ba ku taɓa jin kanmu ba, to ku je ku tambayi itatuwan hanyar Maigatari, sun ji abin da ya ishe su. A can ne kuma, sau ɗaya tak a rayuwata, na kama sunansa. Wani raƙumi ne ya tsinke igiya ya yo kanmu, na ƙwalla sunan nan gatsal. Ya kauce, ya tsaya, ya kashe inji, ya juyo yana dubana, ya manta da raƙumi.

"Ashe kin san sunan?"

"Ja mu tafi, Malam, mutane na kallo."

"A'a, a koro raƙumin nan ya dawo, ban ji da kyau ba."

Duk wuraren nan babu wanda ya kwanta mana a rai kamar wani tafki a ƙasar Gagarawa, bayan an tsallake layin dogo. Yana da sunansa a wurin masu shi, amma mu Tafkin Gauraka muke ce masa, saboda ranar da muka fara zuwa mun tarar da gauraki a bakin ruwa, bibbiyu, da tukkun nan nasu, suna tsalle suna buɗe fukafukai. Babanku, mutumin da ba ya zama wuri ɗaya, ya zauna har rana ta karkata yana kallonsu. Kowace kaka sai mun koma. Daga baya gaurakin suka ɗauke ƙafa, shekara da shekaru ba a ganin ko ɗaya, sai kirinjijiya da balbela, amma ba mu fasa zuwa ba, kullum da sa ran ko sun dawo. Hanyar tafkin guda ɗaya ce tal. Ta tsakiyar wani ɗan ƙauye ta ratsa, ta dama jigawa ce mai haɗiye taya, ta hagu kwari ne da ruwa da sarƙaƙiya. Duk mai zuwa tafkin sai ya bi ta gaban famfon garin, wanda babanku ya kafa da hannunsa.

Sai aure ya fara shigowa gidan nan. Yayanku ya auro 'yar Maigatari, aka kai 'yar'uwarku Hadiza aure garin Sule Tankarkar, amma waɗannan manyan garuruwa ne, mukan zagaye unguwar surukai mu wuce abinmu. Sai auta Bilkisu ta kawo Nura, yaron kirki, malamin makaranta, ita ta gani ta ce tana so, mu ma muka so shi. Da aka zo tambaya sai ga shi ɗan ƙauyen nan ne na hanyar tafki, gidansu kuma shi ne mai zauren da ke kallon famfo, inda mahaifinsa yake shimfiɗa tabarma da dattawan gari tun hantsi. Mahaifiyarsa, Iya Tabawa, na san ta da gani, doguwar mace mai murya, ita ke raba faɗan layi a bakin famfo. Mun sha ɗaga wa juna hannu ina wucewa.

Ku 'yan yanzu da kuke kiran surukanku a waya kuna tambayarsu me suka ci, sai na yi muku dalla-dalla. A tarbiyyar da muka tashi, iyayen yarinya ba sa zarya a garin da aka kai 'yarsu sai da babban dalili, ciwo ko rasuwa. In kuwa ƙafa ta kai ka, ba ka isa ka wuce ƙofar suruki ba ka tsaya ba, wannan raini ne. In ka tsaya ka ɗora musu nauyi, a kama kaza, a share ɗaki, a kawo abincin da kunya ba za ta bar ka ka ci ba, bayan ka tafi kuma a ce iyayen amarya sun zo duba ko ana ba ta abinci. Balle a ce uwar amarya guda, a kan babur, da kwandon dambu, za ta kallon tsuntsu. Ranar da 'yan kai amarya suka dawo, Goggo, wadda tsufa ya dawo da ita wurinmu da zama, ta kira mu ɗakinta mu biyu.

"To, tattabaru, an kai yarinya. Hanyar nan kuma sai haƙuri."

"Yaya, wucewa fa kawai muke yi," in ji babanku.

"Wucewa ta gaban wa? Kai yanzu suruki ne, ba mai famfo ba. So kake a riƙa nuna Bilkisu a gidan biki ana cewa ga 'yar masu yawon daji? Yarinya tana baƙon wuri, da me za ta ji?"

Abin da aka rene mu a kai ta faɗa. Kada wani a cikinku ya riƙe Goggo a zuciya, Allah ya ji ƙanta, mutuncin 'yarmu take karewa. Babanku ya ce to, a bar shi zuwa gaba, in yarinya ta zauna da gindinta an saba.

A damunar shekarar ne ya fara karo da abubuwa. Ya ture buta, ya taka kaza, wata rana ya wuce ni a tsakar gida ina gefensa yana ƙwala mini kira. Wannan karon asibitin gaske muka je. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ya riga ya ci gefe da gefe, abin da ya tafi ba ya dawowa, wanda ya rage ma zai yi ta tsukewa kamar mai leƙe ta cikin bututu har ya rufe. Babanku ya saurara tsaf, ya yi godiya, muka fito. A bakin ƙofar asibiti ya tsaya yana shafa kujerar babur, ya ce gabansa dai yana gani, gefe ne babu, gefe kuwa ai yana da ni. Haka muka koma yi. In akuya ta taso ta dama in matsa masa kafaɗar dama, in amalanke ta ɓullo ta hagu in matsa ta hagu, muna tafe a hankali, muka bar manyan tituna. Ba a gaya muku ba ne don mun san da kun ji za ku ɓoye makulli.

Ruwa ya yi albarka a shekarar, kowane kwari ya cika. Da kaka ta yi, an yanke gero, riɗi yana tsaye a gonaki yana bushewa, sai ga Arɗo Buba, wani Bafulatani abokin babanku da ke kiwo a wajen tafkin, ya biyo ta gidan nan ranar kasuwa. Bayan an gaisa an tambayi shanu, sai ya ce, af, Malam, mutanenka fa sun dawo, gauraki sun sauka a tafki. Babanku ya ajiye kofin shayi. Ya ce "Ikon Allah," amma daga ranar ya rasa sukuni. Ya wanke babur, ya canza baƙin mai, ya sake wankewa. Ni da shi mun san idon nan ba zai jira yarinya ta saba da gidan miji ba. Na tsinko zogale na turara dambu. Da safe muna fitar da babur, Goggo tana zaune a bakin ƙofarta da carbi.

"Ina zuwa?"

"Asibiti, Yaya."

Ta dubi kwandon, ta dubi ƙanenta, ta daɗe tana dubansa. Ta san maganar idon.

"Allah ya ba da lafiya," ta ce, ta mayar da kai kan carbinta.

Ban taɓa ganin hanyar Gagarawa ta yi kyau irin na ranar ba. Zoɓo ya yi jajur a gonaki, amalanku suna ta jigilar dammunan gero, ni kuma ina ta faɗa masa abin da ke gefe, ga kukar da muka taɓa fakewa, ga rijiyar da takalmina ya faɗa. A hanya muka tsara cewa in mun tarar da ƙofar gidan ba kowa, mu sulale mu wuce. Muka tsallake layin dogo, muka hau ɗan tudun da ake hango ƙauyen daga kansa, inda wata tsamiya take. Nan ya kashe inji. Daga wurin ana ganin rumbuna da zauren surukanmu da famfo, ga hanyar ta miƙe ta tsakaninsu ta ɓace a cikin itatuwan goruba. Bayan goruba tafki ne. Shi abin nesa ya riga ya fara yi masa dishi-dishi.

"Me kike gani?"

"Bakin famfo cike da mata. Dattawa kuma suna ƙofar gida, har da mai gidan."

"Bilkisu fa?"

"Ban hango ta ba."

Ya ce mu ɗan jira, wataƙila in rana ta yi zafi su watse. Muna nan tsaye sai na ga wata mace ta fito daga gonar zoɓo da sauri-sauri, ta nufi famfo tana ɗaga hannu. Nisa bai bar ni na gane ta ba. Kafin ka ce me, wurin ya hargitse. Mata suka suri bokitai, wasu ma ba su cika ba, suka ja yara suka shige gidaje. Dattawa suka naɗe tabarmi, har da mai ɗingishi yana haɗawa da gudu. Aka ja ƙyauren zauren surukanmu aka rufe. Gari ya yi tsit. Ina gani ina faɗa masa tiryan-tiryan, yadda na saba.

"Sun gan mu," ya ce a hankali.

"Wataƙila dai wani abin ne."

"Wane abu? Ƙarar babur ɗin nan, yaron goye ma ya san ta a garin nan. Shiri suka shiga. Yanzu haka ana bin kaza, ana share ɗaki, ana neman mayafai. In muka wuce mun ci mutuncinsu, in muka tsaya mun zo duba 'yarmu tun ba ta rufa shekara ba."

Ni ma haka na fassara, kuma duk wanda aka rena yadda aka rene mu haka zai fassara. Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa, na ja mayafi na rufe fuska alhali ba mai ganina sai tsamiya. Muka gwada ta jigawa ko za mu zagaye, ba mu yi nisa ba taya ta nutse. Na tura har numfashina ya sarƙe, ni da na riga na manyanta, shi ma gumi ya jiƙe shi sharkaf. Da ƙyar muka jawo babur muka dawo inuwa. Ya zauna a kan saiwa yana haki, fuskarsa tana wajen goruba.

"Ke me kika ce?"

"Abin da ka ce, Malam."

Shekara da shekaru ina yi masa gardama a hanya a kan komai, har a kan inda za a ajiye buta, amma ranar da gardamar za ta yi amfani sai ladabi ya zo mini. Ya ce shi ke nan, baɗi war haka Bilkisu ta haihu in Allah ya so, sai mu zo barka da dalilinmu mu zarce tafki. Muka buɗe kwando muka ci dambu, ba don yana shiga ba. Muna cikin ci sai kukansu ya taso daga bayan goruba, wannan kuka mai kama da busar ƙaho, ɗaya ya yi ɗaya ya amsa. Ya ajiye lomar da ke hannunsa, ya karkata kai, ya saurara har suka yi shiru.

"Su ne," ya ce. "Tashi mu koma."

Maganar baɗi ma ashe a iska muka ɗaura ta. Mu da muka aurar da 'ya'ya, muka manta haihuwar fari a gidan iyaye ake wankanta. Bilkisu gida ta dawo da cikinta, a ɗakin nan ta haihu, surukai ne suka zo mana barka. Kafin wata kakar ta zagayo, bututun da likita ya faɗa ya tsuke har ya zama kamar kafar allura. Wata safiya ya tura babur ɗakin ajiya da kansa, ya lulluɓe shi da buhu, ya miƙo mini makulli. Wannan shi ne abin da yayanku ya gani. Babur ɗin ku bar shi inda mai shi ya jingine shi, in na bi shi ku yi yadda kuka ga dama. Na tuna kun yi ƙoƙari, Allah ya yi muku albarka, kun kawo mota kun ce a kai mu duk inda muke so, ya ce muku ya gaji da yawo. Bayan kun fita ya ce mini, me zai je ya gani, kuma wace hira za mu yi ɗa yana gaba riƙe da sitiyari? Shekarun da suka rage masa, in la'asar ta yi gida ya yi shiru, yakan ce in kai shi asibiti. Sai in zauna kusa da shi a tabarma in kama hanya da baki, mun fita Gumel, ga gonar wane, ga kukar nan, mun tsallake layin dogo. Kullum in na kawo gindin tsamiya sai ya ce ya isa, in tsaya nan. Bai taɓa bari na ƙarasa da shi tafkin ba, ko a baki.

Da ya rasu, bayan an share makoki jama'a sun ragu, ina cikin takaba, sai Iya Tabawa ta dawo ta sake yi mini gaisuwa ita kaɗai. Tsakanina da ita tun da aka yi auren ba a wuce ina wuni ina gajiya, kai a sunkuye. Ranar ta zauna a bakin tabarma, ta yi addu'a, ta ƙi tashi. Can ta gyara mayafi tana kallon ƙasa.

"Hajiya, ki gafarce ni, akwai abin da ya daɗe yana cina, nauyi ya hana ni tambaya. Yanzu kuwa mai shi ya tafi. Shekarar da aka kawo mana Bilkisu, da kaka, kun zo gindin tsamiya."

Na ce, "An yi haka."

"Ina gonar zoɓo na ji ƙarar babur ɗin Malam. Na san gauraki sun sauka, na san wurinsu za ku. Mu matan garin har cewa muke kaka ba ta cika ba sai Mai Famfo da matarsa sun wuce. Da na ji an kashe inji na ce, wayyo, kunyarmu suke ji. Sai na yar da ƙwarya na ruga, na ce wa mutane zuma ta tashi a kukar bayan gari ta yo nan, kowa ya shige ya rufe ƙofa. Har mai gidan na kora ciki, har yau bai san dalili ba, Bilkisu ma ban gaya mata ba. Na ce bari in share musu hanya su wuce, ba wanda ya gan su, ba gaisuwa, ba nauyi. Na tsaya a bayan ƙyaure na kasa kunne. Na ji ƙarar ta tashi ta wajen jigawa ta mutu. Na riƙe garin nan a ɗaka har azahar, yara na kuka, girki ya tsaya ba ruwa. Can sai na ji ta sake tashi, ta yi baya."

Ta ɗago ta dube ni ido cikin ido, karo na farko tun da muka haɗa zuri'a, hawaye na bin kuncinta.

"Hajiya, hanya fa a buɗe take. Me ya sa ba ku wuce ba?"

Na so in gaya mata komai, maganar ido, da kazar da muka ɗauka ana bi, da yadda ya karkata kai yana sauraren kukansu. Na so in kama hannun matar nan mu yi kuka tare. Maganar ta zo mini har baki. Amma surukata ce. Na sunkuyar da kai, na tura kwanon ruwa gabanta.

"Iya, sha ruwa," na ce, "kin sha hanya."